Gwangwanin da Inna Ta Kai Umara

Zan fara da abin da ake faɗa a kaina, don mu gama da shi. Ana cewa ni Ummi na sace kayan tsohuwa a Doha, na kai wa baƙi, na tona asirin gidanmu. Ku ƙannena da kuke Zariya, da ku 'ya'yan Yaya Sani da za ku iya karatu nan gaba, kun ji wannan a bakin manya kuma ba ku da damar tambaya. Inna kakarmu ta rasu, Allah Ya jiƙanta, in ban gyara zancen ba babu mai gyarawa. Ni kuwa ban iya kwana-kwana ba, kowa ya sani. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kuke ce mini Ummi, ita kuma takwara take kirana, kuma ta sha faɗa cewa suna kawai na ɗauko, haƙurin na bar mata.

Sai na fara gaya muku waye kakanmu, don a gidanmu ba a maganarsa sai in za a yi masa addu'a. Malam Tanko Mai Majigi. Ban gan shi ba, ya rasu ina goye, duk abin da zan faɗa daga bakin Inna na ji. Ku ba ku san majigi ba. Mota ce da take yawo gari-gari tun zamanin Turawa, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa ko a haska bangon makaranta, a nuna wa mutane yadda ake haƙa masai da yadda ake feshin auduga. Hoton ba ya jin Hausa, dole a sami mai baki ya tsaya a gefe da lasifika yana bayani. Aikin da Malam ya fara da shi ke nan. Bai daɗe ba ya lura mutane ba don masai suke cika fili ba, don abin da yake ƙarawa daga kansa suke zuwa: ya ba jaki murya, ya sa wa Baturen da ke cikin hoton sunan wani marowacin garin. Sai ya ce in dai bakinsa ake zuwa ji, me zai hana hoton ma ya zama nasa? Ya ajiye aikin gwamnati, ya sayar da gonarsa ta gado, ya tafi Kano ya sayo kyamara a hannun wani Kwara, Balarabe mai kanti, irin wadda ake murɗa mata kunne kamar agogo. 'Yan'uwansa suka ce ya haukace. Wannan gab da samun 'yancin kai ne.

Shi ne mai labari, shi ne mai nemo mutane, shi ne mai ciyar da su. Tela, makaɗa, 'yan kama, leburorin jirgin ƙasa in sun tashi aiki, duk ya tara su a bayan gari. Shi zai je ya durƙusa gaban mai unguwa a ba shi izini, shi zai ari doki, shi zai ba mai rijiya haƙuri. In an gama ɗauka sai ya tura fim ɗin ƙasar waje a wanko, ya zauna jira har damina ta wuce, bai san ko abin ya fito ko bai fito ba. In ya dawo ya shige ɗaki da almakashi da gam, yana yanka yana liƙawa, Inna tana tura masa tuwo ta ƙarƙashin labule. Daga nan a ɗauki hayar akori-kura da janareta a shiga ƙauyuka, mai kwabo ya ba da kwabo, mai dawa ya ba da mudu. Mata kuwa babu wadda za ta yarda a ɗauke ta, sai dai a ɗaura wa ƙato zani a yafa masa gyale. Inna ta ce akwai wani mahauci da ya fi kowa iya rangwaɗa, matsalarsa gemu, kullum sai an yi rigima kafin ya yarda a aske. Wata rana Malam ya ce ya gaji da mata masu maƙogwaro. Ya je wurin surukinsa, mahaifin Inna, ya roƙi a bar amaryarsa ta fito a fim ɗaya, tana ɗauke da tulu daga rijiya. Tsohon ya yi kwanaki bai ba shi amsa ba, sannan ya ce ya yarda da sharaɗi: bayanta kawai. Fuskar 'yarsa ba za ta hau bango maza su kalla ba. Malam ya ɗauki alkawari.

Abin bai ɗore ba. Gidajen sinima suka cika da finafinan Indiya masu kala da waƙa, wa zai tsaya a fili yana kallon hoto baƙi da fari da mutum ɗaya yana yi wa kowa murya? Talabijin ya zo ya ƙarasa. Malam ya ƙare yana gyaran rediyo a wata rumfa kusa da tasha. Wata damina rufin ɗakin ajiyarsa ya zuba, gwangwanayen fim ɗin suka sha ruwa suka yi tsatsa, aka kwashe aka zubar. Guda ɗaya ya tsira, don yana cikin adakar Inna. Na rijiyar.

Sai Baffa Lawal, ɗan farinsu, wan babanmu. Kada ku ɗauka na tsane shi. Mutum ne da ya tashi yara suna binsa a hanyar makaranta suna cewa ga ɗan wadda aka haska a bango, kowa ya ga uwarsa da kwabo. Ya yi dambe a kan wannan maganar har aka fasa masa goshi, tabon yana nan. Ya girma ya zama mutumin masallaci, sahun gaba, ana kiransa ɗaurin aure da raba gardama, kuma duk rayuwarsa yana tafe yana jiran wani ya tuna masa. Kun kuma san yadda Inna take da shi. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa wa bango. Wancan take ce masa. In tana son ya san wani abu sai ta faɗa wa wani a gabansa. Mu muna ganin abin kamar wasa, muna dariya.

Shekarata ta biyu a Doha ke nan lokacin da abin ya faru. Ina aikin sikiyuriti a wani babban kanti a Al Gharrafa, ƙofar mata, ina leƙa jakunkuna daga safe har ƙafata ta kumbura. Ina zaune wurin Yaya Sani da matarsa Anti Balki a Al Thumama, cikin irin gidajen nan da ake yanyankawa da katako a zuba iyalai, ciki da falo, ni a falo bayan labule. Yaya direba ne a gidan wasu Larabawa. Da aka ce Inna za ta Umara, shi ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka yarda ta sauka wurinmu 'yan kwanaki a hanyar komawa. Muka ɗauko ta a filin jirgi a keken guragu, ta ƙanƙance, idonta ya yi fari-fari, amma bakin yana nan. Tana ganin Yaya ta ce:

"Angona, haka ka yi tumbi? Na fasa auren."

"Ai ni ma na yi sabuwa, Inna. Tsohuwa sai haƙuri."

"Sabuwar da ta bar ka da wannan rigar ba guga?"

Anti Balki ta yi dariya ta rungume ta. Da muka isa gida ni aka bar wa buɗe kaya, aikina ke nan ko a gida. Dabino, zamzam, carbi, turare. Amma akwai wani wari mai tsami yana tashi daga ƙasan jakar, kamar kullun da ya kwana biyu. Na tono, sai ga gwangwani mai faɗi kamar faranti, an naɗe shi da tsohon zani.

"Inna, mene ne wannan? Da shi kika je Makka?"

"Da shi na je, da shi na dawo. Ajiye mini."

"Fim ɗin Malam ne? Kika kai fim Harami?"

"A masauki na bar shi, ke ma da tsiya. Wancan ya ce zai rushe ɗakina ya yi mini na siminti kafin in dawo. Na san abin da zai fara fitarwa."

Na tambaye ta ko ta taɓa kallonsa. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ta taɓa tuƙa jirgi. Ta ce matar aure a lokacinsu ta je filin majigi? Daga tsakar gida suke ji, lasifika tana kawo musu muryarsa ta kan katanga. Ta ce da can ba ta damu ba, amma tun da idon ya fara tafiya abin yake mata yawo a rai. Tana so ta ga aikin mutumin nan sau ɗaya, ta ga abin da ya sayar da gona a kansa, kafin hasken ya ƙare. Ta ce an gaya mata a ƙasar nan babu injin da babu. Wannan shi ne duk abin da ta roƙa, kuma ni ta roƙa.

Washegari Baffa ya kira Yaya. Ya fasa adakar bai ga komai ba. Ina jinsu, don katakon gidan nan ko tari ka yi maƙwabci ya sani. Ya ce a karɓe gwangwanin a jefa a shara kafin ta hau jirgi, kada ya sake shigowa Zariya, kada kuma wani ya buɗe. Yaya yana ta to Baffa, in sha Allahu Baffa. Ku fahimci Yaya: Baffa ne ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu, shi ya tsaya masa har ya zo ƙasar nan, bai taɓa ce masa a'a ba. Inna tana barcin rana Yaya ya zare gwangwanin. Da na dawo aiki na tarar da ita zaune a bakin katifa tana shafa zanin da babu komai a ciki. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta ƙi cin abinci kawai. Na tare Yaya a ƙofa.

"Ina ka kai?"

"Ba ruwanki. Khalas, an gama maganar."

"Ka zubar?"

"Ummi, ki kiyaye ni. Ni sa'anki ne?"

Bai zubar ba. Na gane ne da ya dawo yana mita cewa Madam, matar maigidansa, ta ce motar tana wari, ta sa ya kai wanki har sau biyu. Ya saka shi a but, ƙarƙashin tayar safaya, yana yawo da shi cikin zafin Doha, ya kasa jefarwa ya kasa dawowa da shi. Da safe yana wanka na ɗauki makullin a aljihun rigarsa, na buɗe but na ɗauko, na mayar da makullin. Wannan ita ce satar da kuke ji. Kayan Inna ne, ita ta aike ni, kuma in aka sake yau haka zan yi.

Akwai wata Hawa, 'yar Kumasi, da muke tsayuwa ƙofa ɗaya da ita. Ita ta ce mini wanta Mumuni yana aiki a shagon masu ɗaukar bidiyon biki a Al Rayyan, kuma maigidansa yana da injin da Larabawa ke kawo tsofaffin finafinan iyayensu a juye musu. Na ce wa shugabarmu ba ni da lafiya, na hau jirgin metro da gwangwani a cinya, mutane suna matsawa daga kusa da ni. Mumuni dattijo ne mai furfura a gemu, Hausarsa irin ta Zango, kai yake ce mini kamar namiji. Ya buɗe murfin ya kawar da kai.

"Ƙanwa, ina ka samo wannan? Ya fara ruɓa fa."

"Zai yi ko ba zai yi ba? Ina da aiki."

"Ka zauna mana. Wannan ya girmi babanka, ba a yi masa yalla yalla, ba ya son gaggawa."

Ya sa safar hannu ya warware kaɗan, ya ɗaga wa fitila. Ya daɗe yana kallo. Ya ce kakansa ya sha ba su labarin irin waɗannan motocin a can arewacin ƙasarsu, bai taɓa zaton zai riƙe na Bahaushe a hannunsa ba. Ya ce fim ɗin ya bushe, yana iya karyewa a cikin injin, kuma in ya bi sau ɗaya ba lallai ya sake bi ba. Abin da ya fito shi ke nan. Na ce ya saka. Ya ce in ba shi kwanaki, sai ya bi shi a hankali yana liƙa inda ya tsage. Na ce tsohuwar jirginta ranar Asabar ne. Ya ce Allah Ya kai mu Juma'a.

Kwanakin nan gidan ba daɗi. Yaya ya duba but bai gani ba, ya san ni ce. Abin da ya fi ƙona shi, ya riga ya gaya wa Baffa cewa ya zubar. Ya ce na mai da shi maƙaryaci, na ce shi ya mai da kansa. Ya ce na taɓa motar kafil, wato maigidansa da ke riƙe da takardunsa, in da wani abu ya ɓace a ciki wa za a kama? A nan yana da gaskiya. Ya ce Inna tana tafiya in tattara in koma masaukin kamfani, ba zai iya da ni ba. Haka kuwa aka yi, har yau a can nake, mu shida a ɗaki, gado kan gado. A wurin aiki ma an gano ƙaryar ciwon, aka mayar da ni ƙofar ajiye motoci inda babu sanyi, na yi bazara guda a can. Ban faɗa don a tausaya mini ba. Na faɗa don masu cewa wai wani abu aka ba ni. Inna kuwa da na raɗa mata inda gwangwanin yake, sai ta ce a ɗumama mata tuwon jiya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Mumuni ya zo da kansa, da 'yar na'urar haskawa a jakar baya. Ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya ce mata farkon ya lalace, da wani wuri a tsakiya, amma saura ya fito. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa ta Juma'a, bai shigo ba bai fita ba. Anti Balki ta sauke labule, ta cire kalandar da ke bango, muka jawo kujerar Inna kusa. Haske ya hau bango. Sai ga wata kasuwa tana rawa, ɗigo-ɗigo kamar ana yayyafi, mutane suna tafiya da sauri-sauri. Shiru. Na juya kan Mumuni.

"Ina maganar? Ka ɓata sautin."

"Babu sauti a ciki, ƙanwa. Haka ya zo."

"To wa zai gane abin da ake yi?"

Inna ta ce in rufe wa mutane baki. Ta ce sautin ai Malam ne, kuma yana kabari. Ta tambaya me ake nunawa, don ita inuwa kawai take gani. Na ce wani mutum ne da jaki a bakin kasuwa. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, sai muka ji wata murya da ba mu san tana da ita ba, mai kauri, irin ta maza: tana yi wa mai jakin magana, tana yi wa jakin, tana yi wa dillalin da ke son ya cuce su. Duk ta haddace. Shekara da shekaru tana jinsa ta kan katanga, tana jinsa yana gwaji a tsakar gida, ta san labarin da kunne ba ta taɓa ganinsa da ido ba. Wani lokaci ta riga hoton, wani lokaci hoton ya riga ta, sai in ce Inna ba a zo nan ba tukuna, ta ce to su yi sauri. Da mahaucin nan ya fito da gyale yana karairaya, Anti Balki ta faɗi ƙasa don dariya. Na waiga na ga Yaya ya shigo ya zauna a hannun kujera, bakinsa a buɗe.

Sai aka nuno rijiya daga nesa, da wata mace ta ba da baya tana jan guga. Inna ta bar muryar mai jaki. Ta ce a tsayar. Mumuni ya tsayar.

"Angona, kira mini wancan. A waya mai hoto."

Yaya ya ce Inna ki rufa mini asiri, na ce masa na zubar. Ta sake faɗa, ya sunkuyar da kai. Na ciro wayata na kira. Wannan ne Baffa bai yafe mini ba har yau, in na gaishe shi a waya sai ya miƙa wa matarsa. Ya ɗauka yana zaune a zaure da carbi a hannu. Yana ganin hasken bango a bayana ya gane. Bai ɗaga murya ba, Baffa ba ya ɗaga murya. Ya ce Ummi, ba ni Sani. Na ce Inna ce take nemanka. Na kai wayar gabanta, ta kawar da fuska gefe yadda ta saba.

"Takwara, gaya wa wancan..."

"Ga shi nan yana jinki, Inna. Ni na gaji da aike. Ki gaya masa da kanki."

Anti Balki ta dafe baki. Mumuni ya tashi ya ce zai sha iska a waje. Na ɗauka Inna za ta zage ni. Ta daɗe tana murza bakin gyalenta, sannan ta juyo ta fuskanci wayar. Ban taɓa ganin ta yi haka ba, Yaya ma ya ce bai taɓa gani ba.

"Kai. Ka saurara, sau ɗaya zan faɗa. Na juyo a cikin abin nan. Ba da gangan ba, amma na juyo, fuskata ta fito. Da aka wanko, mahaifinka ya gani. Ya ɗauki almakashi ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye, ya ce ba zai iya yanke ni ba. Kuma ya yi wa Baba alkawari. To duk garin da aka je, in an zo wurin, sai ya cire hularsa ya kife a bakin injin. Bango ya yi duhu, yana ta surutu, yana cewa hadari ne ya taso, har a wuce. Mutane suna ihu ya cire hula, ana jifansa da ɓawon rake. Wata rana hular ta kama hayaƙi, ya ƙone a yatsa. Bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Babu namijin da ya ga fuskata a bango. Yaran da suka fasa maka kai, bayana iyayensu suka gani, da tulu."

Carbin ya tsaya a hannun Baffa. Can ya ce, a hankali, kamar ba da mu yake ba:

"Me ya hana a gaya mini?"

"Da wane bakin? Ni in zaunar da kai in yi maka zancen fuskata? Shi ma kunyarka yake ji. Ranar da ka shigo da jini a goshi ina ɗaka ina jinka, ƙanwata na tura ta wanke maka. Muna ganin ka sani. Kowa a garin ya san zancen hular."

"Ban sani ba."

"To yanzu ka sani. Wanda ya yi alkawarin da wanda aka yi wa duk sun tafi. Nan kuma 'ya'yana ne da jikokina. In ba ka son gani ka kashe wayarka, ni zan kalla."

Ta miƙo mini hannu na ɗaga ta. Ta ce in kai ta jikin bangon, daga kujera ba za ta gani ba. Na tsayar da ita a gefe don kada inuwarta ta rufe hoton, hancinta ya kusa taɓa fenti. Yaya ya karɓi wayar daga hannuna ba tare da ya kalle ni ba, ya juya ta ga bango. Na duba, Baffa bai kashe ba. Anti Balki ta danna inda Mumuni ya nuna mata.

Matar ta ɗora tulu a ka ta kama hanya, siririya, zaninta mai ratsi, tana tafe kyamara tana binta. Sai hoton ya girgiza, muka ga sama, muka ga reshen bishiya. Inna ta ce a nan ne Malam ya taka saiwar kuka ya faɗi zaune. Hoton ya dawo daidai, a karkace kaɗan. Ta juyo. Hannu ɗaya a kan tulu, ɗaya tana son ta rufe baki ba ta kai ba, tana dariya har idonta ya rufe, ruwa yana zubo mata a kafaɗa. Yarinya ce, ba ta kai ni ba. Anti Balki ta tsayar da hoton a nan ba wanda ya ce mata.

Ta cikin wayar na ji Baffa ya ja hanci, ya ce wa Yaya ya matso da wayar kusa, ba ya gani sosai. Inna ta ɗora tafin hannunta a bango, hasken ya hau bayan hannun, ta bi kumatun da yatsa, ta bi haƙoran.

"Takwara, wannan mai wushiryar?"

"Ke ce, Inna."

Ta ƙara matsawa, ta ƙanƙance ido, ta daɗe.

"Ashe haka nake," ta ce. "Da na sani ai da tun daga bakin rijiyar na juyo."